Kiri-kiri ko wedeliya a ƙarƙashin darbejiya?

Hajiya, kin ce ƙura ta ishe ki a filin da ke ƙarƙashin darbejiyar gidanki, kina son shukar da za ta rufe ƙasa, ta zauna kore shar rani da damina. Abu biyu na gwada a nan Kano: ciyawar kiri-kiri, da mai furen nan rawaya da ake kira wedeliya.

Kiri-kiri 'yar rana ce. Yara su yi ƙwallo a kanta, a shimfiɗa tabarma, ba ta damuwa, domin jijiyarta na bi ta ƙarƙashin ƙasa. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke kai 40, idan ba ta samu ruwa ba za ta koma kamar tattaka, amma ruwan farko na sauka sai ta farfaɗo. Inuwa ce ba ta so. Wadda na dasa a gindin bishiya sirancewa ta yi ta yi, har ƙasa ta fito fili.

Wedeliya kuwa, asalinta daga Amurka ta Tsakiya, tana jure inuwa daidai gwargwado, sai dai furen ya ragu. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta yi saiwa, shi ya sa ba sai kin sayi da yawa ba. Ki karɓi 'yan rassa, ki dasa da tazarar kamu guda a watan Yuli, idan damina ta zauna, da ruɓaɓɓen takin tumaki. Ba ta son a taka ta. Da hunturu ganyenta kan yi futu-futu da ƙura, ni da yamma nake watsa mata ruwa ya wanke, a bazara kuma sau biyu ko uku a mako.

Inda nake jan kunnenki: tana da mamaya ƙwarai. Ki yi mata iyaka da bulo, ki riƙa aske ta kada ta yi duhuwar da kunama za ta laɓe. Abin da kika yanke ki shanya shi ya bushe ƙarau kafin ki zubar, in ba haka ba a bola ma zai kama.

A wurin da kika kwatanta, Hajiya, wedeliya zan zaɓa, ki jera duwatsu a bar wa ƙafa hanya. Idan ruwan 'yan ga-ruwa kike saye, ki fara da ɗan fili kaɗan tukuna.