Filin wasan Pripyat ko kogunan Yankari: wanne ya fi dacewa da tebur?

Ɗan'uwa, ka ce kai ne mai jan labari a zamanku na Asabar a Yelwa, inda kuke wasan labari a kan tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi ɗaya, jifan dayis kuma ya yanke abin da zai faru; kuna da 'yan wasa biyar, kana neman kangon da za ka jefa su ciki: filin wasan yara na Pripyat a ƙasar Yukiren, ko kogunan Marshall na nan Yankari. Na ja wasa a duka biyun, ga abin da na gani.

Pripyat ba ya ba mai jan labari wahala. An shirya buɗe filin ranar 1 ga Mayu 1986, sai tashar nukiliyar Chernobyl ta fashe ranar 26 ga Afrilu, washegari aka kwashe mutanen garin kusan 49,000. Ƙaton lilon nan mai kama da taya yana nan tsaye ya yi tsatsa, ƙananan motocin wasa ciyawa ta cinye su. Da ka faɗi wannan, tebur ya yi tsit. Ga kuma gubar nukiliya da za ta zame maka agogo: duk jifan dayis uku ka rage wa kowa lafiya, ka ga yadda za su daina jan ƙafa. Inda ya gaza shi ne fili ne fetal, babu lungu, babu ƙofar da za a yi gardamar buɗewa. Kuma yaranmu ba su san sanyin can ba, ba su san harshen ba, komai sai ka bayyana, su kuma suna sauraro kamar masu jin rediyo.

Kogunan Marshall kuwa guda 59 ne, mutane suka haƙa su a jikin dutse suka zauna ciki, ana kyautata zaton mafaka ce lokacin farautar bayi. Bakin kowanne ɗan ƙarami ne, sai da rarrafe ake shiga. Wannan kaɗai ya isa wasa: wa zai fara cusa kai? Wa zai riƙe tocila? Mai ƙiba a cikin jaruman fa? Ka haɗa da rijiyoyin Dukkey, sama da ɗari, masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, ka sami taswirar da ba ka sha wahalar zanawa ba. Abin da ya fi burge ni, da na ce gwaggon biri ya fizge jakar guzuri, ba wanda ya nemi ƙarin bayani, don kusan kowa ya taɓa zuwa Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin Yankari, da 'yan makaranta ya gani da idonsa. Su da kansu suka riƙa ƙara wa labarin gishiri, wani ya kawo zafin watan Afrilu, wani sawun giwa a bakin kogin Gaji.

Roƙona ɗaya: waɗanda suka zauna a kogunan nan mutane ne na gaske, wataƙila ma kakannin wasu ne a yankin Alkaleri. Kada ka mai da su dodanni. Ka sa haɗarin ya zama duhu, ƙishirwa, maciji, ko mahara daga waje.

In zama ɗaya ne na awa uku, ɗauki Pripyat. In kuna son labarin da zai kai ku wata biyu, Yankari nake ba ka shawara, ka fara su daga bakin rijiya da igiya ɗaya tak da ruwan kwana biyu.