Spirocore ko Evah Pirazzi: Wacce Tsirkiya Za Ka Ɗaura wa Dabul Bes Ɗinka?

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya. Ka ce ka sayi dabul bes na hannu, wato babban gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu da ake kaɗawa a tsaye, tsirkiyoyin da ke kansa sun mutu murus, yayanka kuma yana hanyar dawowa daga Jamus kuma saiti ɗaya tak zai iya riƙo maka. Wasu sun ce maka Spirocore, wasu Evah Pirazzi, wani ma ya rantse maka cewa ba a jin ainihin muryar bes sai da tsirkiyar hanji. Ka kuma ce a Kaduna kake, yawancin kiɗanka jaz ne da yatsa, amma ka fara koyon gogawa da izga. Duka ukun na ɗaura su a kan bes ɗaya, don haka ga abin da kunnena ya ji da abin da yatsuna suka sha.

Amsata a taƙaice ita ce Spirocore, mai laushin da ake rubuta wa Weich. Amma kada ka aika saƙo tukuna, don akwai abin da za ka rasa idan ka zaɓe ta, kuma gara ka san shi tun yanzu.

Spirocore ta kamfanin Thomastik-Infeld ce, wanda aka kafa a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1919. Cikinta siraran wayoyin ƙarfe ne da aka tufke kamar igiya, sannan aka naɗe su da ƙarfe mai santsi. Wannan tufka ita ce sirrinta. Idan ka ja tsirkiyar E, mafi kauri cikin huɗun da ake kira E, A, D da G, wadda ke kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, sautin ba ya faɗuwa nan take. Yana tsayawa, yana gurnani, har ka ɗaga hannu yana nan yana ruri a cikin katakon. Wannan gurnanin shi ne muryar bes ɗin jaz da yawancinmu muka taso muna ji a faifai, tun bayan da makaɗa suka bar hanji suka koma ƙarfe. Kuma idan ganga da fiyano suka cika ɗaki, ita ce ke ratsa su ta isa kunnen wanda ke zaune a baya.

Sabuwarta dai ba ta da daɗin sha'ani. Daren da na fara ɗaura ta, na ja G sai na ji wani ƙara mai kaifi kamar an bugi langa, na ɗauki izga na goga sai ta yi ta ƙeƙe-ƙeƙe, ta ƙi kamawa. Na kwana ina tunanin kuɗina. Sai da ta yi wajen wata biyu ina kaɗa ta kullum kafin kaifin ya kwanta, muryar ta yi kauri, izgar ta fara samun wurin riƙewa. Da yawa a nan suke yanke mata hukunci su cire ta, alhali ba ta ma fara nuna halinta ba. Tsohuwar Spirocore da ta shekara biyu a kan bes ta fi sabuwa daɗi nesa ba kusa ba, kuma akwai makaɗan da ke barin saiti ɗaya ya shekara biyar ko fiye ba su taɓa shi ba.

Evah Pirazzi kuwa ta kamfanin Pirastro ce da ke Ofenbak a Jamus, gidan da ya samo asali tun 1798. Cikinta zaren roba ne na musamman, ƙarfen a waje kawai yake. Ita tun ranar farko take faranta maka rai. Ta fi Spirocore kauri a ƙarƙashin yatsa, muryarta ta fi duhu da zagaye, kan sautin yana fitowa da wani ɗan "dum" mai nauyi sannan ya janye da wuri. Wurin izga kuma, gaskiya ɗaya ce, ta yi wa Spirocore fintinkau. Kana ɗora izgar da ɗan ƙaro kaɗan sai ta kama, sautin ya buɗe ba tare da ka danne kafaɗa ba. Ga mai koyo irinka wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsirkiyar da ke saurin amsawa tana sa ka gane kuskuren hannunka ne ko na kayan aiki.

To me ya hana in ce ka saye ta? Kwana ne ba ta yi. Tawa ta kai shekara ɗaya da 'yan watanni, sai na lura D ta fara dushewa, sautin ya zama kamar ana magana ta bayan labule, kuma babu goge-gogen da ya dawo da shi. Tsirkiyar roba haka take, tana tashi da kyau ta gangaro, ita kuwa ta ƙarfe tana farawa da tsiya ta gyaru. Ban da haka, ta roba ba ta son a cire ta a sake ɗaurawa. Da zarar ta miƙe ta zauna, in ka sassauta ta gaba ɗaya ka mayar, sau da yawa ba ta komawa yadda take. Da kana zaune inda za ka shiga shago ka sayi D guda ɗaya ka dawo gida, da ban yi dogon bayani ba. Amma kai jiran matafiyi kake yi, kowane saiti cikin biyun kuma ya haura dala 200. Idan ka raba kuɗin da yawan shekarun da kowacce za ta yi maka aiki, tazarar ba kaɗan ba ce.

Sai maganar hanji, wadda nake so in ɗan tsaya a kanta, don wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba. Cikin manyan makaɗan bes na jaz, Paul Chambers da hanji ya yi kiɗansa, haka Jimmy Blanton kafin shi, kuma wannan bugu mai kama da bugun zuciya da kake ji a faifan shekarun 1950 daga nan yake. Charlie Haden ya daɗe yana haɗa G da D na hanji da A da E na ƙarfe, ya sami taushi a sama da tsabta a ƙasa. Ni ma ina son muryar nan, har yanzu ban ji abin da ya kai G ta hanji daɗi a ƙarƙashin yatsa ba. Matsalar ita ce hanji yana shan iska kamar fatar kalangu. Da damina ya jiƙa ya saki, sautin ya sauka. Da hunturu, lokacin da laimar iska a arewa kan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ya bushe ya tsuke. Wadda aka naɗe da ƙarfe ta fi shan wahala, don cikin yana ƙanƙancewa naɗin kuma yana nan yadda yake. Wata safiyar Janairu na shafa A tawa da babban yatsa, sai na ji naɗin yana motsi a kan hanjin kamar zoben da ya yi wa yatsa yawa, na ja ta sai zizar ƙudan zuma. Ga shafa mai, ga yanke 'yan gashin da ke tasowa da abin yankan farce, ga faɗaɗa ramukan jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuskar bes, don ta fi kauri sosai. Duk wanda ya zauna kusa da mai goge ya ga yadda yake lallashin tsirkiyarsa ta gashin doki idan yanayi ya juya, ya san irin hidimar da nake nufi. Ka bar hanji sai ka sami bes na biyu, ko ka sami hanyar sayen tsirkiya a kai a kai.

Dalilin da na ce Weich ban ce Mittel ba, wato matsakaiciya, guda biyu ne. Tsirkiyoyin nan huɗu a haɗe suna jan abin da ya haura kilo 100, kuma ban san lafiyar bes ɗinka ba. Kayan hannu da ya sha zafi da bushewa, ƙila da tsohon tsagu a fuskarsa, rage masa nauyi alheri ne, wani lokacin ma muryarsa ta fi buɗewa idan ba a shaƙe shi ba. Na biyu, Weich ta fi Mittel yarda da izga, ta kuma fi tausaya wa yatsun da ba su gama yin kanta ba. Abin da za ka rasa shi ne ɗan ƙarfin sauti, wanda ba za ka ji rashinsa ba in kana haɗawa da amsa-kuwwa.

Kafin yayanka ya biya kuɗi, ɗauki tef ka auna tsirkiya daga inda ta bar ƙaramin matokarin da ke saman wuya zuwa kan jaki. In ka sami tsakanin santimita 104 da 106, girman bes ɗinka shi ne wanda ake kira 3/4, kamar yawancin waɗanda ke hannun mutane. Thomastik suna yin saitin 3/4 daban, mai lamba 3885, da na 4/4 mai lamba S42. In aka ɗaura na 4/4 a kan bes 3/4 yana zama, sai dai ya fi sakwarkwacewa, don haka Weich ta 4/4 za ta iya yi maka laushi fiye da kima. Ka rubuta masa lambar ƙarara, kada ka bar shi da mai shago su yi ta kintace.

Ranar ɗaurawa, ɗaya bayan ɗaya za ka canza su. Kada ka kuskura ka cire huɗun a lokaci guda, domin akwai ɗan ginshiƙin katako a cikin bes ɗin wanda ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne kaɗai ke riƙe da shi. In ya faɗi, mayar da shi aikin gwani ne, gwanin kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Kwantar da bes ɗin a bayansa, ka goga bakin fensir a cikin kowane rami na jaki da na matokarin sama don tsirkiya ta riƙa zamewa. Kana ɗaurewa kana leƙen jakin ta gefe, saboda yana son karkata zuwa wajen wuya. Da ka ga ya fara, sa manyan yatsunka biyu ka mayar da shi a hankali har ƙafafunsa su zauna daram.

Akwai yanayi ɗaya da zan janye shawarata. In ka duba zuciyarka ka ga izgar ce ta fi jan ka, kana ba ta fiye da rabin lokacin atisayenka, to ka ce a kawo maka Evah Pirazzi, ka kuma fara tanadin wani saitin tun yanzu. In kuwa jaz ɗin ne gaba, Spirocore Weich 3885, ka ba ta wata biyu cur kana goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. Tsoffin da za ka cire kuma ka naɗe su ka adana a ambulan, ko da sun mutu, don ranar da wata ta tsinke ana gobe wasa. Idan ka auna tsawon, turo mini adadin tare da hoton jakin daga gefe in duba maka tsayinsa.