Kalangu, Ƙwarya ko DJ: Wa Ya Dace Ku Gayyata Bikinku a Kaduna?

Yawancin masu biki a Kaduna sai sun gama da lefe, sun kama hol, sun daidaita da mai abinci, sannan ake tunawa da maganar kiɗa, ana saura mako guda. A lokacin duk makaɗin kirki an riga an kama shi, musamman a watan Disamba da makonnin da ke gab da azumi, lokacin da ɗaurin aure ke cunkushewa a ranakun Juma'a da Asabar. Wanda ya rage shi ne wanda ba a nema, kuma shi ma zai tsuga muku kuɗi don ya ga kun matsu. Ku fara maganar ana saura wata guda ko fiye. Kafin ku tambayi kuɗin kowa, ku tsayar da wurin da za a yi taron, da irin mutanen da za su zauna a wurin, da abin da uban amarya ya yarda da shi.

Na ƙarshen nan ne ya fi jawo asara. Daga Tudun Wada zuwa Rigasa da Unguwar Sanusi akwai gidaje da yawa da ba a buga ko gwangwani a ƙofarsu. Idan Alhaji ya ce walima kawai, magana ta ƙare, kuma kuɗin kafin alƙalamin da ƙawayen amarya suka ba DJ a ɓoye ya tafi ke nan. Walima ita ce mafi sauƙin kuɗi: malama mai wa'azi, ɗaliban Islamiyya masu waƙe ba tare da kiɗa ba, lasifika biyu da makirufo biyu. A gidajen 'yan ɗariƙa akan gayyaci masu bege da mandiri, amma a tambaya tukuna, domin gidan da ya yarda da waƙen Islamiyya ba lallai ne ya yarda da mandiri ba.

DJ shi ne zaɓin hol, da dina, da duk taron da matasa suka fi yawa. Amfaninsa a fili yake: kuɗinsa a yanke yake, yana da waƙoƙin Hausa da na kudu da na Larabawa, kuma a gari irin Kaduna inda dangin ango kan haɗa Nupawa da Yarbawa da mutanen kudancin jihar, shi kaɗai ke iya ba kowa nasa. Sai dai ba waƙoƙin kuke saya ba, kowa yana da su a waya. Kayan sauti kuke haya, da kunnen mai sarrafa su. Don haka kada ku yi ciniki a kan bidiyon da ya turo ta WhatsApp. Ku je wani bikin da yake aiki, ku tsaya a can bayan hol ku saurara ko ana jin abin da mai gabatarwa ke faɗa. Idan a bayan hol ba a fahimtar magana, a gaba kuma tsofaffi na toshe kunne, to ya jibge lasifikokinsa wuri guda ya ƙure musu murya. Mai sanin aiki yana ɗora lasifika a kan ƙafa sama da kan mutane, ya ƙara wasu biyu a tsakiyar hol idan yana da tsawo, sannan ya rage ƙarar gaba ɗaya. Kuwwar nan mai huda kunne kuwa tana tashi ne idan makirufo ya shiga gaban lasifika, sauti ya riƙa komawa cikinsa. Maganinta a sa lasifikoki gaba da inda mai magana zai tsaya, suna kallon jama'a.

Wuta ce ke kashe bikin DJ. Ku tambaya tun farko: janaretan wa za a yi amfani da shi, kuma wa zai sayi mai? Ƙaramin janaretan gida mai ɗaukar fanka da talabijin ba ya ɗaukar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Matsakaicin kaya, wato lasifika biyu na sama da manya biyu na ƙasa da miksa (na'urar daidaita sauti) da 'yan fitilu, yana son janareta mai kVA 5 zuwa sama (kVA shi ne ma'aunin ƙarfin janareta). Mai kVA 5 kusan wat 4,000 yake bayarwa, kuma bai kamata a cika masa kaya har wuya ba, a bar masa kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Idan yana ɗauke da kaya sosai zai iya shan kusan lita 2 a awa, sai ku lissafa awannin taron ku ƙara na awa biyu, tunda ba a taɓa fara biki a kan lokaci ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona firizar mai lemo ko tukunyar dumama abinci a layi ɗaya da kayan sauti. Duk lokacin da firizar ta tashi sai wuta ta yi ƙasa, sauti ya shaƙe, wani lokaci amfilifaya ta ƙone, a koma rigimar wa zai biya. A ajiye janareta a fili, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa saboda hayaƙinsa yana kisa, kuma kada a zuba masa mai yana aiki.

Mawaƙin zamani kaya biyu yake sayarwa, kuma mutane na rikita su. Akwai waƙar amarya da ango da zai yi a sitidiyo ya ba ku, akwai kuma zuwansa wurin taro. Ta farkon ta fi daraja a ganina, domin tana nan bayan biki ya watse. Ku rubuta masa sunaye a takarda: na ango da amarya, iyaye, kakanni, garin asali, da laƙabin da aka san kowa da shi, sannan ku karanta masa da baki ku tura, don kada Hajiya Turai ta koma Hajiya Turaki. Ku nemi ya ba ku waƙar ana saura mako guda, saboda a samu damar gyara. Ku kuma tambaye shi kai tsaye ko sabon kiɗa ne, don wasu kiɗa ɗaya suke da shi, sunaye kawai suke canjawa, sai ka ji waƙar 'yarka a bikin Barnawa da sunan wata. Zuwansa wurin taro kuwa, galibi waƙar da aka riga aka ɗauka ce DJ zai saka, shi kuma ya riƙa bi da baki na minti ashirin ko talatin. Idan kuɗi ya yi kaɗan, ku ɗauki waƙar ku bar zuwan.

Kalangu wani abu ne dabam, kuma a nan ne ya kamata a daɗe ana tunani. Jikinsa ice ne da aka fafe, mai faɗi a baki biyu, siriri a tsakiya, an rufe kowane baki da fata, an haɗa fatun biyu da tsirkiya. Makaɗi yana rataya shi a kafaɗa, ya buga da lanƙwasasshen ɗan sanda, ya matse tsirkiyar murya ta hau, ya saki ta sauka. Da haka yake bin hawa da saukar muryar Hausa har ya kira sunan mutum da kirarinsa ba tare da an buɗe baki ba. Asalinsa kiɗan mahauta ne da na 'yan dambe da 'yan mata a dandali, kuma da shi Mamman Shata ya yi waƙa har rasuwarsa a 1999. Gidan Rediyon Kaduna, tun kafuwarsa a 1962, shi ya shigar da irin wannan kiɗa kowane lungu na Arewa, shi ya sa har yau dattijon da bai motsa wa DJ ba za ka ga ya gyara zama da zarar kalangu ya kira sunan kakansa. Abin da kuke saya ke nan: ana yi wa mutanen da ke zaune a wurin waƙa a nan take, abin da na'ura ba ta yi.

Cikakkiyar ƙungiya tana da mawaƙi, da 'yan amshi, da mai babban kalangu, da masu ƙananan gangunan da ke rufa masa baya, wato ɗan karɓi da kuntuku, da sanƙira mai faɗa wa mawaƙi wane ne ya shigo. Ku tambayi adadinsu, domin ku ne za ku ciyar da su, kuma idan daga Zariya ko Funtuwa za su zo akwai kuɗin mota da masauki. Mai neman na cikin gari ya tambayi mahauta, kamar na Zangon Tudun Wada, ko masu shirya dambe, su suka san wanda hannunsa ke da kyau. Yanayi ma yana da ruwa a ciki. Da damina, musamman a Agusta, fata tana shan danshi ta saki, kiɗan ya mutu, sai an gasa ta a gefen garwashi kafin ta dawo, don haka a tanadar musu rumfa da ɗan gawayi. Da hunturu kuma fatar kan bushe ta tsage ana tsakiyar wasa, ƙungiyar da ta san aikinta tana zuwa da kalangu na ko-ta-kwana.

Inda ake samun saɓani da masu kalangu shi ne kuɗi. Abin da za su yanka muku na gayyata yakan zo da sauƙi, domin idonsu na kan karin da baƙi za su yi musu. Idan baƙinku 'yan kasuwa ne masu son a wasa su, kowa zai tashi da murna. Idan ma'aikata ne da ɗalibai masu zuwa da kuɗin mota kawai, makaɗa za su ga ba a yi musu komai ba, sai a fara habaici, wani babban baƙo ya tashi da fushi. Mafita ita ce ku biya kuɗin gayyata mai kauri, ku faɗa musu a gaban shaida cewa ba roƙo, ba habaici, ba zambo, kuma ku ba sanƙira sunayen waɗanda za a ambata. A sa wani tsayayye a ƙofa saboda maroƙan da ba a gayyata ba, waɗanda ke bin sautin ganga su shigo.

Don kamu da wuni a cikin gida, mata zalla, babu abin da ya kai kiɗan ƙwarya. Ana kifa babbar ƙwarya a kan ruwa cikin baho, ita ke ba da amo mai zurfi, a kifa ƙanana a kan tsumma ko matashi ana buga su da 'yan sanduna, zabiya na bayarwa 'yan amshi na karɓa. Wannan shi ne amada, wanda Barmani Choge ta yi suna da shi. Ba ya son wuta, ba ya son fili mai yawa, tsakar gida da tabarmi sun isa, kuma maƙwabta ba za su kawo ƙara ba. Makirufo ɗaya ga zabiya ya wadatar idan mata sun yi yawa. Abu guda za a kiyaye: wasu baitocin amada na manyan mata ne, akwai batsa da habaicin kishiya. Idan akwai yara da surukai a wurin, uwar biki ta ja zabiya gefe tun kafin a fara ta ce, "Yaya, yau dai a yi mana mai tsabta." A hol kuwa ƙwarya ba ta da ƙarfi, surutun mutane ɗari uku zai haɗiye ta.

Algaita da ganga na rakiya ne da tarbar baƙi a waje, rabin awa ya ishe su, a cikin ɗaki kuwa ƙararsu ta yi yawa. Kakaki da tambari na sarauta ne. Kaduna tana ƙarƙashin masarautar Zazzau, kuma wanda ba shi da rawani ya sa aka busa masa kakaki ya jawo wa kansa magana.

Maganar liƙi ta shafi kowane zaɓi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira da taka su a wurin biki, har da sayar da sababbin kuɗi, kuma hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. An daɗe ba a kula da dokar ba, amma tun 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kanta, galibi daga bidiyon da aka saka a intanet. A ajiye tire biyu, ɗaya na amarya ɗaya na makaɗa, a sa kuɗi a ciki ko a miƙa a ambulan. Tire biyun nan suna kashe wata tsohuwar rigima ma, ta wa ke da kuɗin da ya zuba a ƙasa.

Masu hali kan so su haɗa kalangu da DJ a taro ɗaya. Yana yiwuwa, amma sai an raba musu lokaci a rubuce, in ba haka ba DJ zai ƙure sauti makaɗa na tsakiyar waƙa, su kuma su ƙi sauka idan kari na shigowa. Tsarin da ya fi aiki shi ne a ba masu kalangu farkon taro bayan La'asar, lokacin da iyaye ke nan, a tsaya don Magariba, sannan DJ ya karɓa bayan manya sun tafi. Ga mai ƙaramin ƙarfi kuwa, ƙwarya a gida ranar kamu da DJ ɗaya mai kayan kirki ranar wuni sun fi mawaƙi mai suna da zai cinye rabin kuɗin bikin.

Ko wa kuka zaɓa, kada kafin alƙalami ya wuce rabi, ragowar sai an tashi. A rubuta rana da wuri, da lokacin isowa, wanda ya kamata ya zama awa biyu kafin baƙi ga mai kayan sauti, da lokacin tashi, da abin da za a mayar idan an ɗaga biki. A rubuta kuma cewa shi kansa wanda kuka yi ciniki da shi ne zai zo, domin a ranakun da biki ya yi yawa wasu kan karɓi aiki uku, su tura yaransu wurare biyu.