Shafin mai dambun naman Tudun Wada ya gyaru

Jama'ar Zariya, matar nan mai yin dambun nama da alkaki a gida ta gyara shafinta na intanet, gaskiya yanzu ya yi. Da sai ka yi ta tambaya Hajiya nawa ne shiru, yanzu kuwa kowace roba ga hotonta ga kuɗinta a ƙasa, har kuɗin kawowa ta raba, na Samaru daban na Sabon Gari daban, kana danna koren maɓallin nan sai ga ka a WhatsApp ɗinta. Hotunan ma an rage musu nauyi, ba sa cinye data. Sai dai Hajiya don Allah a riƙa cire abin da ya ƙare, na tura kuɗin alkaki aka ce wai sai jibi.