Kwas ɗin sauraron kiɗa ko na rubutun kiɗa: wanne sabon ɗalibi zai ɗauka?

Wasu jami'o'i na ba sabon shiga waɗannan zaɓi biyu. Na sauraro ba ya bukatar ka iya kaɗa komai. Za a bi da kai zamani-zamani na kiɗan Turai, kamar na Barok daga 1600 zuwa 1750, ana horar da kunnenka. A jarrabawa malami kan saki ɗan guntun kiɗa, ya ce a faɗi zamaninsa da kayan kiɗan da aka ji. A nan masu karatun daren jarrabawa ke faɗuwa, don kunne ba ya ɗaukar haddar dare ɗaya. Minti 15 kullum ya fi awa biyar a zama guda.

Na rubutu kuwa ya fi kama da lissafi. Layuka biyar ne da gurabe huɗu a tsakaninsu inda ake rubuta alamomin sauti, sautuka bakwai masu suna A zuwa G, sai ƙananan matakai 12 kafin sauti ya maimaita kansa a sama. Kowane darasi a kan na baya yake zaune: wanda ya tsallake makon ƙidayar bugu, zai zura wa allo ido kawai ranar da malami ya kaɗa ya ce a rubuta. Ana kuma bukatar piyano, ko da manhajarsa ce a waya, don jin abin da aka rubuta.

Mai neman cike gurbin kwas kawai ya ɗauki na sauraro. Mai niyyar tsara kiɗa, na rubutu ne nasa, duk da ya fi cin lokaci.