Artie Shaw ko Ella Fitzgerald: wanne za ka fara saya don waƙoƙin Cole Porter

Ɗan'uwa, tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, kana ta waswasi tsakanin tarin Artie Shaw, mabushi kuma shugaban ƙungiyar makaɗa a Amurka, na 1938 zuwa 1939 da kundin da mawaƙiya Ella Fitzgerald ta yi na waƙoƙin marubucin waƙa Cole Porter, ka ɗauki na Shaw. Duka biyun ina da su a gida, kuma na san wanda ƙura ta rufe.

Ni "Begin the Beguine", waƙar Porter da Shaw ya busa, a ɗakin kawuna na fara jinta, Allah ya jiƙansa. Yana da wani tsohon garmaho da ya dawo da shi daga karatu a Ingila, da faifai kamar goma a cikin akwati, ba mai taɓa su sai shi. Bayan sallar isha'i sai ya goge faifan da gefen rigarsa, ya ɗora allura, ya ce mu yi shiru. Babu murya a ciki ko ɗaya, busa ce zalla. Shaw na riƙe da kilarinet, wata doguwar sarewa baƙa, yana jan amon a hankali, masu saksafon na amsa masa daga ƙasa. Idan an zo ƙarshe, inda sarewar ke haurawa sama har ka ce za ta tsage, kawu yakan ɗaga yatsa ɗaya, ba ya sauke shi sai allura ta fara ƙarar banza. Faifan nan ƙanena ne ya zauna a kansa ya rabe biyu, don irin na dā ne mai juyi 78 a minti, fashewa yake yi kamar tangaram. Sati guda kawu bai yi masa magana ba.

Sai da na girma na gane abin da ya sa waƙar ta fita daban. Porter ya rubuta ta ne a 1935 don wani wasan dandamali mai suna Jubilee, kuma ba ta yi wani tashe ba a lokacin. Tsawonta gaɓa 108, alhali yawancin waƙoƙin zamanin gaɓa 32 ne, ga shi fuskar faifai ɗaya ba ta ɗaukar fiye da minti uku da ɗan wani abu. Jerry Gray ne ya tsara ta yadda za ta shiga, ya cire mata salon rawar Martinik da sunanta ya fito daga gare shi, ya ɗora ta a kan bugun suwing, kiɗan rawa na manyan ƙungiyoyin busa na Amurka. Suka ɗauka a watan Yulin 1938 wa kamfanin Bluebird. A bayan faifai ma aka sa ta, "Indian Love Call" ce a gaba, amma masu saye suka juya faifan. Ita ta mai da Shaw tauraro har ya zo ya gaji da yadda ake roƙonsa ita kowane dare. A wannan zaman ɗaukar na Yulin 1938 ne mawaƙiya Billie Holiday ta rera "Any Old Time" da ƙungiyarsa, to ka duba ko tana cikin tarin da za ka saya. Idan akwai na 1939 za ka ji Buddy Rich a kan ganga, yana matashi, hannunsa ba ya hutawa. A Nuwamban shekarar Shaw ya watsar da ƙungiyar ya tafi Meziko.

Gaskiya ɗaya dai, waƙoƙin Porter a tarin Shaw ba su da yawa. Bayan Beguine akwai "What Is This Thing Called Love?" da "Rosalie", sauran na wasu marubuta ne.

Na Ella kuwa, to, ba laifi. Waƙa 32 ne, duk na Porter, kamfanin Verve ya fitar a 1956, kuma muryarta ba ta da abin kushewa, kowace kalma za ka ji ta tas. Porter shi ke rubuta kalmomi da amo da kansa, saboda haka mai son baitocinsa nan zai same su. Amma na saye shi da tsada, na saurara sau uku, na ajiye. Kiɗan da Buddy Bregman ya shimfiɗa mata ya yi mini sanyi, kamar na falon otal. Kuma 1956 an riga an tashi daga kasuwar suwing. Tun yajin ɗaukar faifai da ƙungiyar makaɗan Amurka ta fara a Agustan 1942 mawaƙa suka shige gaba, manyan ƙungiyoyin busa suka koma 'yan rakiya. Kai kuma zamanin busa ka ce kana nema.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Na taɓa yin odar wani faifan CD ta intanet, hoton Shaw ɓaro-ɓaro a gaba da sarewarsa. Ina sawa na ji sautin ya yi kyau fiye da kima, ganga a kunnen hagu, ƙaho a na dama. A 1938 ba a sayar da faifai mai sauti biyu haka, sai wajen 1958 aka fara, Shaw kuma ya ajiye kilarinet tun 1954. Na juya bayan kwalin, can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa wasu makaɗa ne suka maimaita. Na yi wa mai kayan magana, ya ce ai waƙar ɗaya ce. Kuɗina dai bai dawo ba. Haka ake yi da sunan Glenn Miller ma, wani shugaban ƙungiyar busa da ya ɓace tun Disambar 1944.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce a ɗauko maka hoton bayan kwalin. Ka nemi sunan Bluebird ko RCA Victor, da ranakun ɗauka a rubuce, 1938 da 1939. Idan ya fara kame-kame ka bar masa kayansa. In kuma faifan garmaho ne na asali, sai ya kunna maka shi a bidiyo daga farko har ƙarshe, don tsagar gashi ba ta fitowa a hoto.