Teburin dodanni a bayan wani shagon fotokopi

A unguwar Zariya, nan Maraɗi, akwai wani shagon fotokopi wanda daga waje ba ya da wani bambanci da sauran. Injin kwafi ne a bakin ƙofa, kwamfuta biyu a ciki, sai talabijin da yara ke buga ƙwallon PlayStation suna ihu. Abin da ya kai ni can rumfar baya ce. Ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar mai shagon yakan shimfiɗa tebur a nan, ya ja wani wasa wanda babu ruwansa da kuran ko waya. Takarda ce da fensir da ƴaƴan lido, sai baki. Mutumin tsohon malamin lekol ne, kowa Mushe yake ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda a rubuce kan takarda: mayaƙi, ko ɓarawo, ko mai sihiri, ko mai addu'a da ke warkar da rauni. Mushe shi ne idonsu da kunnensu. Zai ce, "Kun iso bakin wani tsohon kogo, matakala ta gangara cikin duhu, kuna jin warin mushe. Me za ku yi?" Kowa ya faɗi nasa. In abin mai haɗari ne, a jefa ɗan lido, abin da ya fito shi ne hukunci. Kamar tatsuniya ce da aka ba masu sauraro damar sa baki, sai dai a nan Gizo yana iya mutuwa tun kafin a kai tsakiya.

Asalin wasan daga Amurka ya fito. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ƙananan littattafai uku cikin kwali, a ƙarƙashin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin. Na yanzu littattafai ne manya masu hotuna da tsada, kuma Mushe ko kallonsu ba ya yi. Shi da Basic Fantasy yake aiki, wanda Chris Gonnerman ya fitar a 2006 bisa salon dokokin 1981 na Tom Moldvay, ana kuma sauke shi kyauta a intanet. Da injinsa ya buga shi, ya ɗinke da zoben roba. Zama ɗaya sefa 250 ne, dala hamsin ke nan, da shayi da takardar jarumi a ciki. Ga kuɗin ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Yaron da ya zauna gaban talabijin ɗin gaba yana cinye fiye da haka kafin magariba.

Tun daga ƙirƙirar jarumi mutum zai gane irin gidan da ya shigo. Za ka jefa ƴaƴan lido uku masu fuska shida har sau shida: ƙarfi, basira, hikima, zafin nama, juriya, kwarjini. Abin da ya fito ka rubuta, babu canji. Wani yaro ya samu biyar a ƙarfi, ya marairaice, "Mushe, don Allah a bar ni in sake." Mushe ya ce, "Kai da ka zo duniya an tambaye ka tsawon da kake so?" Aka yi dariya, yaron ya zama mai sihiri. Shi kuwa mai sihiri a matakin farko abin tausayi ne. Da ɗan lido mai fuska huɗu ake auna ransa, sihiri ɗaya gare shi a yini, in ya yi shi sai ya koma bayan mutane yana riƙe musu fitila. Kafin ya hau mataki na biyu sai ya tara maki 2,500, mayaƙi kuma 2,000. Mushe ya ɗauko tsohuwar doka ta 1981 cewa kowane zinari da ka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne, don haka wayo ya fi faɗa riba. Mai hankali yakan lallaɓa ya kwashe dukiya ya bar dodo yana barci.

Fitilar ma lissafinta ake yi. Itacen wuta guda bai cika wuce awa ɗaya ta cikin labari ba, kuma Mushe yana ɗiga alama a gefen takarda duk lokacin da minti goma suka shuɗe. Taswira kuwa ba ya ba kowa. Shi dai ya kwatanta, ɗaya daga cikin ƴan wasa ya zana a kaye mai gida-gida irin na ƴan lekol. In mai zane ya karkace, ku duka kun ɓace.

Na ga mutuwa ɗaya a kusa. Wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ne, ɓarawo yake riƙe da shi, ya daɗe yana renonsa har ya saya masa rigar fata da igiya. Suka tarar da akwati a wani ɗaki. Tela da ke zaune kusa da shi ya ce, "Ƙanena, taɓa shi da sanda tukuna." Bai saurara ba, ya ce hannu zai sa. Mushe ya ce allura ta soke shi a yatsa, mai dafi ce, ɗalibin ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin, yana neman 13 ko sama. Ɗan lidon ya gangara ya daki kofin shayi ya tsaya a kan takwas. Mushe bai ce uffan ba. Ya jawo wani baƙin kaye daga ƙarƙashin littafin, ya rubuta sunan ɓarawon da na mai shi da abin da ya kashe shi, sannan ya miƙa wa ɗalibin sabuwar takarda. Ɗalibin ya kalli takardar, ya ce zai je ya dawo. Sai da aka idar da sallar magariba muka gan shi ya shigo, ya ja kujera, ya ce a miƙo masa ƴaƴan lido uku.

Wannan baƙin kayen shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a shagon, domin da shi ake gane wanda ke son wasan da gaske. Zauren WhatsApp da Mushe ya buɗe cike yake da mutane, kowa yana turo hoton dodo yana cewa ranar Asabar da shi za a yi. Wannan duk baki ne. Ka buɗe kayen ka gani. Sunaye da yawa sau ɗaya suka fito, jaruminsu na farko ya mutu, ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Waɗansu ƴan kaɗan kuma sunansu yana ta maimaituwa shafi bayan shafi: rami ya ci wannan, gizo-gizo ya ci wancan, wani yunwa. Telan nan yana cikinsu, kuma shi ne ya kwashe taswirorin da aka zazzana a kaye ya haɗe su kan babban kwali da bik kala uku, ba wanda ya sa shi. Akwai ɗan kabu-kabu da ke jingine babur ɗinsa daidai lokacin da fasinja suka fi yawa, ya zauna har isha'i. Da na tambaye shi ko ba ya asara, sai ya ce, "Yaya, fasinja gobe ma suna nan. Mayaƙina kuwa saura maki kaɗan ya hau mataki na uku." An ba ni labarin lokacin da mai fuska ashirin ɗin ya ɓace, shi kaɗai ne kuma a shagon. Ba su fasa zama ba. Marafan kwalba ashirin suka tara, suka rubuta lamba a cikin kowanne, suka zuba a hula ana zara.

Masu irin wannan naci ba a Maraɗi suka fara ba, kuma su ne dalilin da ya sa littafin ya iso hannun Mushe. An sayar da TSR ga kamfanin Wizards of the Coast a 1997, aka ci gaba da fitar da sababbin dokoki, tsofaffin suka ɓace daga kasuwa. Da kamfanin ya fitar da lasisin da ya ba kowa damar amfani da ginshiƙin dokokin a 2000, sai masoya suka zauna suka sake rubuta tsohon wasan da kansu: OSRIC a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008. A Janairun 2023 da aka so taɓa wannan lasisi, ƴan wasa suka yi ca har sai da aka janye. Gygax ya rasu a 2008, kuma taron tunawa da shi da ake kira Gary Con ya zama na shekara-shekara a Lake Geneva.

Na san abin da wasu iyaye za su fara tambaya, don ni ma shi na fara dubawa: ba caca ba ce? Ba a ɗora ko dala a kan ɗan lido, ba wanda ke cin kuɗin wani, zinarin duk a takarda yake. Batun sihiri da dodanni kuwa, ko a Amurka an yi ta ce-ce-ku-ce a kai a shekarun 1980, har kamfanin TSR ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugunsa na 1989. Mushe yana taka-tsantsan. Ba ya sako sunan wani abin bauta, ba ya kwaikwayon surkulle, kuma da an kira salla yake rufe littafi. Duk da haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, dara da bilot suna nan a fada.

Inda shagon ya gaza kuma ba zan ɓoye ba. Littafin da Turancin Ingilishi yake, Mushe ne kaɗai ke iya bin sa, yana fassarawa nan take da Hausa haɗe da Faransanci. In aka yi gardama kan doka, sai kowa ya zuba masa ido yana laluben shafi, wani lokaci har shayi ya huce. Mai injin fotokopi a hannu ya kamata a ce ya buga taƙaitattun dokoki da Hausa, ko shafi biyu ne, ya ba kowa. Tawadar bugun ma ta yi fari, jadawalin lambobi sai an kai fitilar waya. Ba ya iya ce wa mutum tebur ya cika, sai ka ga mutum goma sun kewaye shi, kafin zagaye ya dawo kanka ka manta a wane ɗaki kake. Ihun ƴan ƙwallo yana ratso bango, fanka ɗaya ce a rumfar, ban san yadda za a yi da ita a zafin Afrilu ba. Sannan na lura yana ɗan sassauta wa tsofaffin ƴan teburin, yakan tambaye su "ka tabbata?" kafin su taka tarko, baƙo kuwa sai dai ya ji a jikinsa. In da ya yi wa baƙi wannan tambayar, ina jin da sunayen da suka fito sau ɗaya a kayen sun ragu. Mata kuma babu wurinsu ko kaɗan, ga shi ƙanwata ta fi ni son irin waɗannan labarai.

Wanda ke son gwadawa ya je ranar Lahadi, ta fi Asabar sauƙin cunkoso, ya isa da an sallame la'asar don ya samu kujera kusa da Mushe inda ake jin magana. Ya tafi da fensir da abin gogewa nasa, na shagon guda biyu ne ana ta karɓa-karɓa. A zaman farko ya ɗauki mayaƙi, ya sayi sanda doguwa da igiya da kuɗin da aka ba jaruminsa, ya kuma bar tela ya shiga gaba.